Musaddiƙ da Rubutun Kawunsa

Idan ka shiga kasuwar Babura ta wajen da ake ɗaure shanu, za ka ga wata rumfar cajin waya a hannun hagu, ɗan janareto yana tari a bayanta. Mai rumfar dogo ne siriri, da tabarau mai igiya a wuya, ba ya ɗaga murya ko da mutumin Nijar ya zo masa da gardamar sefa. Sunansa Musaddiƙ. Mutanen kasuwa Mai Caji suke ce masa, iyakar abin da suka sani ke nan. Ni kuwa na san shi tun ranar sunansa, don ni na riƙe ƙafar ragon.

Rumfata a Kazaure take, a hanyar dam. Hayar kayan aiki nake bayarwa: injin ban-ruwa, famfon feshi, baro, diga, irin waɗannan. Gidan da aka haifi Musaddiƙ yana bayan rumfar. Ubansa direba ne, ya rasu a hanyar Daura yaron yana rarrafe. Uwarsa Fatu ba ta daɗe sosai a bayansa ba. Wanda ya ɗauke shi shi ne wan uwarsa, Malam Daudu, malamin dabbobi a ƙaramar hukuma. Sa'ana ne, tare muke zama a ƙofar gidansa ranar Juma'a tun gashinmu yana baƙi.

Ba na so wani ya karanta wannan ya ce Daudu mugu ne. Ba mugu ba ne. Shi ya sa yaron a makaranta, shi ya kwana da shi a asibiti da ƙyanda ta kama shi, shi ya tsaya masa har ya gama karatun kwamfuta a nan Kazaure. Ranar ɗaurin aurensa da Nafisat, Daudu ne wakilin ango, kuma na ga yana goge ido da bakin rawani. Shi ma Musaddiƙ bai taɓa manta ko ɗaya ba. Har ya yi gemu, har ya haifi nasa, bai taɓa shiga zauren kawunsa da takalmi ba, bai taɓa zama a kan tabarmar da kawun yake kai ba, ban kuma taɓa ganin sun haɗa ido ba. Mu nan haka muke tarbiyya, kuma muna alfahari da ita. Har yau ban ce a daina ba. Abin da na gani kawai nake faɗa.

Lokacin da yake yaro, Daudu kan goya shi a babur idan za shi allurar shanu. A can wata ruga da ke bayan duwatsu, tsakanin Roni da Gwiwa, ya yi aboki, Ashiru. Abota ce ta gaske. Ashiru bai yi boko ba, ya gaji garken ubansa, amma duk shigowarsa gari sai ya biyo ta gidan Musaddiƙ da ƙwaryar kindirmo. Daga nan sai rumfata, don ni Babarbare ne, shi Bafillace, kuma ba ya iya wuce ni bai taɓa ni ba.

"Dunoma bawana! Har yanzu kana nan kana gadin ƙarafa? Zo in ba ka sanda ka bi mini maruƙa, ko nono ka samu."

"Kai da ka kwana da saniya a ɗaki ɗaya, har kana da bakin magana? Matsa can, kana sa mini inji yana warin man shanu."

Sai ya zauna a kan buhu, ya sha shayina, ya ce ba daɗi, ya ƙara.

Bayan karatu Musaddiƙ ya sha zaman jiran aiki. Ya koyar a wata makarantar kuɗi, ya buga wa mutane takardu a shago, duk ba su riƙe shi ba. Sai wani kamfani ya zo daga Kano da wani abu na waya domin manoma da makiyaya. Irin abin nan ne da rediyo ke kira ƙirƙirarriyar basira. Ka kira shi ka yi masa magana da Hausa, ya amsa maka, kuma ba amsa kaɗai ba, har aiki yake yi maka. Mutane suka sa masa suna Ɗan Aike. Kamfanin ya nemi tsofaffin ma'aikata da suka san ƙasar, aka kai su wajen Daudu, wanda ya riga ya yi ritaya. Daudu ya karɓa, ya kuma ce yana da ɗa mai ilmin kwamfuta. Ta hannunsa Musaddiƙ ya shiga.

Da na tambayi Musaddiƙ mene ne aikin nasa, sai ya dubi rumfata ya yi murmushi.

"Baba Dunoma, a ce ka yi baƙo, mai kaifin kai, mai saurin ƙafa, amma bai taɓa taka gona ba. Ka bar masa rumfar nan ka tafi masallaci. Mutum ya zo ya ce tsutsa ta kama masa tumatir. Me baƙon zai miƙa masa?"

"Famfon feshi mana."

"Kai ka sani. Shi fa?"

"Sai ya jira in dawo."

"Ba za ka dawo ba, Baba. Ba shi da kowa. Abin da yake da shi kawai ɗan rubutun da aka manna a jikin kowane kaya: wannan ga abin da yake yi, ga lokacin da ake ɗaukarsa, ga lokacin da ba a ɗauka, ga abin da za ka tambayi mutum kafin ka ba shi. In rubutun ya yi kyau, ya miƙa famfo. In bai yi ba, ya miƙa diga, kuma da fara'arsa zai miƙa."

Haka Ɗan Aike yake, in ji shi. Yana da kayan aikinsa a ciki, ba na ƙarfe ba. Akwai na duba farashi a kasuwanni, akwai na duba ko za a yi ruwa, akwai na karanta wa mutum shawara, akwai kuma na tura malamin dabbobi har ruga. Wasu mutane ke rubuta bayanin kowane ɗaya. Shi Musaddiƙ aikinsa ya karanta bayanin, ya gwada shi, sannan ya danna kore in ya yi, ko ja in bai yi ba. Abin da ya danna wa kore shi ke shiga wayoyin mutane.

Sau da yawa a rumfata yake aikin, don akwai inuwa kuma sabis ya fi ƙarfi a wajen. Na ga yadda yake yi. Wani ya rubuta, "Wannan na farashi ne." Musaddiƙ ya ce, "Farashin me? A wace kasuwa? Buhu ko tiya? Na yau ko na bara?" Ya danna ja. Wani kuma ya zuba wa kayan farashin kirari kamar maroƙi a gidan biki, ya ce babu abin da ba ya yi, shi ne gatan manomi. Da Musaddiƙ ya gwada, ya tambayi Ɗan Aike ko za a yi ruwa gobe, sai abin ya karanto masa kuɗin albasa. Na yi dariya har na ƙware. Shi bai yi ba, ya danna ja, ya rubuta wa mai shi dalili a hankali, ba zagi. Marubutan nan, yawancinsu samari ne a Kano da Dutse, har suna suka sa masa, wai Mai Jan Ido. Yana jin daɗin sunan, ko da yake bai taɓa faɗa ba. A shekarun nan ne na ga ya yi ƙiba kaɗan, ya sayi babur, ya daina sunkuyar da kai in ya wuce majalisar samari.

Shi da kansa ya hau babur ɗin ya je rugar su Ashiru ya sa musu Ɗan Aike a waya. Dattawan rugar suka ƙi, suka ce ba su magana da abin da ba ya amsa sallama da fuska. Ashiru ya ce, "Kai ka duba shi?" Musaddiƙ ya ce duk abin da ke ciki sai ya bi ta hannunsa. Ashiru ya ce wa dattawan, "To ni ya ishe ni." Ya miƙa wayarsa.

Mutanen kamfanin sun yi wata dabara da suke ganin ta isa. Idan bayani zai zo wa mai dubawa, sai su cire sunan wanda ya rubuta, don kada a yi son kai. Wataƙila a Kano dabarar tana aiki. A Kazaure kuwa, Daudu ya shekara da shekaru yana manna sanarwa a bangon ofishin dabbobi, kuma kowace da kalma ɗaya take farawa: "A lura da kyau." Yaran gari har kwaikwayonsa suke yi. Ban da haka ma, shi da bakinsa ya faɗa a majalisa cewa an ba shi rubutun tura malamin dabbobi, ya ce, "Musaddiƙ, zai zo hannunka, ka ga yadda ake aiki."

Rubutun ya zo kuwa, ana gab da faɗuwar damina. Ina gyaran tiyo, Musaddiƙ yana kan benci, sai ya kira ni. Ya karanta mini. Ga abin da na riƙe: "A lura da kyau. Kada a tura malami sai mai dabba ya faɗa da bakinsa cewa dabbar tana bakin mutuwa. In ba haka ba, a karanta masa shawara ya bi."

Ya ce, "Baba, zo ka zama Bafillace."

"A'uzu billahi. Da tsufana?"

"Na ɗan lokaci ne. Ka ɗauka saniyarka ba ta da lafiya, sosai, ta ƙi ci, tana nishi. Yi wa abin nan magana yadda Ashiru zai yi."

Na karɓi wayar. Na yi sallama, na tambayi Ɗan Aike gajiya da iyali, don haka Ashiru zai fara. Sannan na ce, "Wata 'yar saniya ce dai take ɗan tari, ba ta cika son ciyawa ba. Amma da sauƙi, alhamdu lillahi." Ban yi tunani ba na faɗe shi, don haka kowa ke faɗa. Wa zai buɗe baki ya kira wa dabbarsa mutuwa? Ko ɗanka ne a kwance ba ya gane mutane, aka tambaye ka, da sauƙi za ka ce. Bafillace kuwa ya fi kowa, shi ko yawan shanunsa ba ya faɗa.

Ɗan Aike ya gode mini, ya ce in ɗaure ta a inuwa, in ba ta ruwa mai kyau da ɗan kanwa, in sa ido.

Muka sake, na ƙara ciwon. Na ce tana miƙe wuya, numfashi yana yi mata wuya, amma dai muna fatan alheri. Inuwa da kanwa. Na ce har ta biyu ta fara. Inuwa da kanwa, da addu'ar Allah ya ba da lafiya. Sai Musaddiƙ ya karɓa ya ce, da wata murya da ba tasa ba, "Saniyata mutuwa za ta yi." Nan take abin ya tambayi sunan rugar da hanyar da babur zai bi.

Ya ajiye wayar a cinya. Na ce, "To ai ka gani. Ja ke nan." Ya ce, "Na Kawu ne." Na koma kan tiyona.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya zo ƙofar gidan Daudu da kankana babba a bayan babur. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaida mu ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a ƙasa can gefe. Aka yi hirar taki, aka yi ta hanya. Sai can ya gyara murya.

"Kawu, Allah ya ƙara girma, wani abu ne nake ta tunani a wajen aikin nan. Mutanenmu na ruga, in dabba ba lafiya, ba su cika faɗin abin yadda yake ba."

Daudu ya ce, "Ni za ka gaya wa Fulani? Ai kafin a haife ka nake fama da su. Wani ya taɓa tashe ni daga Gwiwa, na keta rafi da babur a ka, na je na tarar akuya ce ta yi atishawa. Akuya! Ya kuma ba ni ƙwai biyu ya ce in gaida gida." Majalisa ta fashe da dariya. "Shi ya sa na ɗaure abin tam. Malaman nan guda nawa ne? In ka sake, rana ɗaya za su ƙone man wata."

"Haka ne, Kawu. Sai dai na ce ko akwai wani, a cikin masu rubutun, da zai iya sa wa abin ya riƙa tambayar alamomi, ko tana ci, ko tana nishi..."

"Yaran Kano ɗin nan? Ba su san saniya ba sai a cikin miya. Ka riƙa danna musu jan nan naka, kada ka ji tausayi. Nawa ya zo?"

"Ya zo, Kawu."

"Ka ga aiki?"

Ina kallon wuyansa ta baya.

"Na gani, Kawu."

"Madalla. Kai, a kawo wuƙa a yanka kankanar nan."

Washegari Musaddiƙ ya danna kore. Ya gaya mini da kansa. Ya ce na wucin gadi ne, zai samu hanya, wataƙila bayan Sallah in Kawu yana cikin nishaɗi, ko ya sa a ce daga Kano aka buƙaci gyara. Ja ba ya tafiya shi kaɗai, sai da dalili a rubuce, kuma dalilin hannun Daudu zai je, Daudu kuwa ya san wanda ke dubawa. Yaron da ka goya a babur ya rubuto maka cewa aikinka bai yi ba. Musaddiƙ ya kasa hango kansa yana shiga zauren nan bayan haka.

Da ya kasa gyara rubutun, sai ya nemi ya gyara mutane. Ashiru ya shigo gari sayen gishirin shanu, ya same mu a rumfa. Musaddiƙ ya ja shi gefe, amma ina ji.

"In wata ta kwanta maka, ka kira abin nan, kada ka tsaya da sauƙi da sauƙi. Ka ce mutuwa za ta yi."

Ashiru ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. "Subhanallahi! Da bakina? Boko ya taɓa ka ne, Musaddiƙ?"

"Magana ce kawai, don ya turo malami."

"To shi ba ya jin Hausa ne? In na ce tana tari ai ya san tana tari. Ba kai ka duba shi ba?"

"Ni na duba."

"Shi ke nan." Ya juyo wajena. "Dunoma, kai ka koya masa mugun baki ko? Barebari ba su da saniya, shi ya sa ba sa tsoron kira mata mutuwa."

Na rama, muka yi dariya, ya ɗaure gishirinsa ya tafi. Wannan ne wasa na ƙarshe da ya yi da ni.

Ruwa ya zauna sosai a shekarar. Rafin da ke tsakanin rugarsu da titi ya cika, babur ba ya wucewa sai an ɗauke shi. A cikin haka ciwon huhu ya shiga garken Ashiru, ta wata karsana da ya sayo. Ciwo ne da in an gane shi da wuri ake ware masu shi, a yi wa sauran allura, a tsira da mafi yawa. Ashiru ya hau dutse inda ake samun sabis, ya kira Ɗan Aike, ya faɗa yadda ake faɗa. Aka ce inuwa da kanwa. Ya bi. Ya sake hawa, ya ce abin ya ɗan ƙaru, amma ana godiya. Aka ce ya sa ido. Ya sa. Ya nemi Musaddiƙ a waya, aka yi rashin sa'a yana Kano wajen wani taron kamfanin, wayar a kashe. Shanu kuwa suna kwana wuri ɗaya, suna shan ruwa wuri ɗaya. Sai ranar da ya tashi ya tarar da babbar saniyarsa, wadda ya gada daga uwarsa, ta faɗi ba ta iya ɗaga kai, ga wasu a bayanta, ya hau dutsen ya faɗi kalmar. A lokacin ba mugun baki ba ce, gaskiya ce kawai. Malami ya iso washegari, da wandonsa a naɗe. Ya duba ya ce an makara.

Ban san yawan da suka mutu ba, Ashiru ba zai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga mahauta suna ta zirga-zirga a hanyar Roni suna sayen na yankawa a wulaƙance. Abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba. Kuma ba rugarsu kaɗai ba ce, an samu irin haka a wasu wurare.

Shugabar aikin, Hajiya Zulaikha, ta zo daga Kano. Aka tara su a ofis, Daudu yana kan kujera a gaba, don shi ne babba a ɗakin. Musaddiƙ ya ba ni labarin daga baya, a kan bencin nan dai. Ta karanta bayanin a fili. Ba ta ambaci wanda ya rubuta ba. Ta ce mai rubutu yana iya kuskure, don haka ne ma aka ajiye mai dubawa. Sannan ta dube shi.

"Malam Musaddiƙ, kai da ba ka barin ko waƙafi ya wuce. Ka gwada wannan?"

"Na gwada, ranki ya daɗe."

"Ba ka ga matsalar ba?"

In ya ce ya gani, tambaya ta gaba ita ce don me ya bari, amsar kuma tana zaune a kujerar gaba da rawaninta. Sai ya faɗa a gaban yaran Kano cewa rubutun kawunsa bai yi ba tun farko, kuma kunya ce ta hana a gaya masa, kamar wani wanda ake lallaɓawa.

Ya ce, "Ban lura ba."

Ta ce ta yi mamaki. Ta ce ba ta da yadda za ta yi sai ta sallame shi, mutane sun yi asara, kuma koren nasa ne. Ba ta yi masa wulaƙanci ba, har ta raka shi bakin ƙofa.

Nafisat ce ba ta yi shiru ba. Ta zo har rumfata da goyo, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, ku da kuka rene shi ku gaya mini. Ya iya gaya wa mutanen Kano da bai taɓa gani ba cewa aikinsu bai yi ba, safe da yamma. Mutum ɗaya ya kasa. Kunyarsa ta cinye shanun mutane, ta cinye aikinsa, yanzu ta zauna mana a tsakar gida ko abinci ba ta ci. Ita wannan kunyar, wa ta amfana?" Na ba ta haƙuri.

Musaddiƙ ya je rugar. Ashiru ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo masa nono, ya tambayi iyali. Musaddiƙ ya gaya masa komai, har gwajin da muka yi a rumfata. Ashiru ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ashe ranar gishirin nan ka sani." Musaddiƙ ya ce ya sani. Ashiru ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya tashi ya ce zai duba maruƙa. Babu maruƙan da za a duba, kowa a wurin ya sani.

Bayanin kuwa, wata yarinya aka ba a Kano. Ba ta san Daudu ba, ba ta san Kazaure ba. Ta danna masa ja, ta rubuto dalili layi uku: a daina jiran mai dabba ya yanke hukunci, a tambaye shi ko tana ci, ko tana nishi, ko wata ta kamu bayanta, in ya ce e, a tura malami. Na ɗauka Daudu zai yi fushi ya ajiye aikin. Ko kaɗan. Ya gyara a zama ɗaya, har yana nuna mana a majalisa, yana cewa yarinyar nan tana da kai, irinsu ake so. Har yau yana rubuta musu.

Da Sallah ta zo, Musaddiƙ ya zo gaisuwa kamar kullum. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya zauna a ƙasa. Daudu ya yi masa nasiha a kan haƙuri, ya ce aiki na Allah ne, wani zai zo. Ya ce shi ma Bafillacen da laifinsa, da ya faɗi gaskiya tun farko. Sannan ya gyara zama, ya ce da murya mai taushi, don da gaske tausayinsa yake ji:

"Amma kai ma, Musaddiƙ, ina idonka ya tafi? Abu a fili haka. Ai da ka lura ka gaya mini, da na gyara tun ranar. Ni da kai akwai wata kunya ne?"

Muna zaune mu huɗu ko biyar a tabarmar, waɗanda muka ci kankanar nan tare.

Musaddiƙ ya ce, "Haka ne, Kawu. Allah ya huci zuciyarka."

Bayan Sallar ya sayar da babur ya koma Babura, inda ba a san shi ba. Nakan je can sayen kayan inji, in zauna a rumfarsa in huta. Makiyaya suna kawo masa waya, wasu su ce ya sa musu Ɗan Aike, don yanzu an ce yana aiki sosai, ko tari saniya ta yi sai ya yi ta tambaya har ya turo malami. Yana sa musu. In suka tambaye shi ko abin yana da kyau, sai ya ce su tambayi waɗanda suka gwada.

Ashiru yanzu shanun wani Alhaji yake kiwo, shi ke koro su kasuwar in za a sayar. Zuwana na ƙarshe muna zaune sai ga shi da sanda a kafaɗa, wayarsa a hannu. Ya tsaya, ya rusuna.

"Ina wuni, Baba Dunoma. An zo lafiya? Ya mutanen Kazaure?"

Na ce, "Kai Bafillace, yau ba bawa?"

Ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba." Ya juya ya gaida Musaddiƙ, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar Nafisat da yara. Musaddiƙ ya riga ya zaro igiyar caji ɗaya ya riƙe. Ashiru ya wuce da wayarsa zuwa rumfar da ke gaba, ya miƙa wa mai ita.